Yadda Ake Haɗa Wutar Murhun Lantarki Da Oban A Kicin Bisa Ƙa'ida

Duk wanda ya taɓa buɗe bayan murhun lantarki ya san wayoyi uku ne ke shiga cikinsa: mai wuta, da nutural, da at, wato wayar kariya da ke kai wutar da ta zurare zuwa ƙasa. Ɗaura su a gurabensu bai kai aikin minti goma ba. Amma kicin ɗin da na gani sun yi gobara ko sun kusa yi, kusan dukkansu an ɗaura waɗannan wayoyi daidai. Abin da ya ci su shi ne lissafin da ba a yi ba kafin a sayo kebul, da sukurun da ba a matse ya kama ba, da awon da aka tsallake don an ga "ai ya kawo wuta". Murhu da oban sun fi kusan kowane kayan gida jan wuta, kuma suna jan ta na tsawon sa'o'i a wuri mai zafi, ga maiƙo, ga ruwa. Don haka zan daɗe a kan lissafi da awo, in wuce da sauri a inda babu wahala.

Alƙaluman da zan kawo na wutar gida ce mai layi ɗaya, bolt 230, bisa tsarin ƙasa da ƙasa na IEC 60364 da kuma ƙa'idar wayarin ta Birtaniya, BS 7671, wadda bugunta na 18 ya fito a 2018 kuma ƙasashe da dama ke bin sawunta. Wanda ke Amurka ko Kanada kada ya ɗauki lambobin nan, domin can murhu yana aiki da bolt 240 a kan waya huɗu, launukan wayoyin ma daban suke. Sannan doka tana da ta cewa. A Ingila, tun 2005, jawo sabon layi daga akwatin raba wuta aiki ne da sai ma'aikaci mai rajista ya yi, ko a sanar da hukumar kula da gine-gine ta zo ta duba. Wasu ƙasashen ma sun fi haka tsanani. Ra'ayina a nan a fili yake: canza tsohon murhu da sabo a kan layin da yake nan kuma ya isa, mai hankali da kayan awo zai iya. Taɓa cikin akwatin raba wuta kuwa na mai lasisi ne. Idan kai mai gida ne, karanta don ka san abin da za ka tambayi wanda ka ɗauka aiki, ka kuma gane lokacin da yake maka aikin ganin ido.

Fara da farantin bayanai

Kowane murhu da kowane oban yana da ɗan faranti ko takarda da aka manna masa, mai ɗauke da ƙarfinsa a wat ko kilowat. Na oban yawanci yana gefen bakin ƙofa, na murhu kuma a ƙarƙashinsa. Raba wat da 230, sai ka sami amfiya. Oban mai wat 3,000 yana jan amfiya 13. Murhun indakshan mai gida huɗu, wanda ke dafa abinci da maganaɗisu, sau da yawa yana kai wat 7,400, wato kimanin amfiya 32. Idan murhun naka na gas ne, wutar da yake buƙata ta ƙyasta wuta ce kawai, fis na amfiya 3 ya ishe shi, aikinka ya ragu zuwa na oban.

Kada ka tsaya a faranti. Buɗe littafin da ya zo da kayan ka nemi shafin haɗa wuta. A can mai ƙerawa yake faɗin girman fis ko birekar da yake so, da irin kebul, da tazarar iska. Abin da ya rubuta yana gaba da duk wani lissafi na gama-gari, har da nawa.

Lissafin lodi, inda gizo ke saƙa

Mu ɗauki misalin nan: murhu wat 7,400, oban wat 3,000. Jimla 10,400. Raba da 230, ka sami amfiya 45.2. Da farko mutum zai ce to sai bireka mai amfiya 50 da kebul mai kauri kamar igiyar rijiya. Ba haka ake yi ba, domin babu girkin da ke jan cikakken ƙarfin komai a lokaci guda na tsawon lokaci. Oban in ya kai zafin da aka saita masa, na'urar daidaita zafi tana yanke wutar, ta dawo da ita, ta sake yankewa. Gidajen murhu ma haka suke, wannan ya ɗauka, wancan ya saki. Saboda haka jagorar da ke tare da BS 7671 ta ba da rangwame ga kayan girki na gida: ka ɗauki amfiya 10 na farko gaba ɗaya, ka ƙara kashi 30 cikin 100 na abin da ya rage, sannan ka ƙara amfiya 5 idan makunnin murhun yana da soket a jikinsa.

A misalinmu, cire 10 daga 45.2, saura 35.2. Kashi 30 cikin 100 na wannan ya kama 10.6. Haɗa da 10 na farko, ka sami 20.6. Idan akwai soket, ya zama 25.6. Ke nan layi mai amfiya 32 ya ɗauki murhun da oban ɗin tare, har da sarari. Wannan ne ya sa jagorar ta ce layin amfiya 30 ko 32 yakan isa kayan girkin gida har zuwa kilowat 15, kuma layi ɗaya da ya haura amfiya 15 bai wuce 50 ba yana iya ciyar da kayan girki biyu ko fiye muddin a ɗaki ɗaya suke.

Sai dai akwai abu biyu da nake jan kunne a kansu. Rangwamen na gida ne. Kicin ɗin da ake girkin sayarwa, inda komai ke kunne daga safe har dare, ba ya cikin wannan lissafi. Na biyu, an tsara rangwamen ne tun zamanin murhu mai ƙarfen zafi, shi kuwa indakshan yana da maɓallin ƙarin ƙarfi da ke iya kai shi ƙololuwa cikin daƙiƙa. Idan mai ƙerawa ya ce yana son layin amfiya 32 shi kaɗai, ba shi, ka nema wa oban nasa layin. Yawancin na indakshan kuma suna da saitin rage iyakar wutar da za su ja, wanda ke da amfani a gidan da layinsa ƙarami ne.

Kafin ka bar lissafi, dubi babban fis na gidan. Wanda ke da amfiya 60, ga hita ta wanka, ga na'urar sanyaya ɗaki, ba lallai ne ya ɗauki ƙarin murhu mai kilowat 7 ba. Wannan fis na kamfanin wuta ne, ba a taɓa shi, tambayarsu ake yi.

Zaɓen kebul

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aiki ido bai san komai ba. Kebul mai 4mm² da mai 6mm² suna kama da juna a hannun wanda bai saba ba, kuma a kasuwa akwai wanda aka rubuta masa 6 alhali jan ƙarfen cikinsa bai kai ba, ko kuma alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Kankare bakin wayar da wuƙa: idan fari ya bayyana a ciki, ajiye shi.

Ƙa'idar guda ce kuma ita ce ƙashin bayan aikin: lodin da ka lissafa kada ya wuce girman bireka, girman bireka kuma kada ya wuce abin da kebul zai iya ɗauka a yanayin da aka shimfiɗa shi. Bireka kebul take gadi. Idan ka ɗora bireka mai 40 a kan kebul ɗin da 27 ce iyakarsa, kebul zai narke a cikin bango bireka tana nan tana kallo.

Yanayin shimfiɗawa yana canza komai. Kebul mai rigar PVC na 6mm², idan aka kafa shi a fili a jikin bango, yana ɗaukar amfiya 47. Shi ɗin dai, idan aka zura shi a bututu, ya sauko wajen 38. Idan ya nutse cikin soson hana zafi na rufi ko bango ta kowane gefe, ya koma 23.5, wato rabi. Na 10mm² yana ɗaukar 64 a fili, 32 a cikin soso. Kuma duk waɗannan lambobi an gina su ne a kan zafin wuri na digiri 30. A inda zafi ke kai digiri 40, kamar cikin silin da rana ke duka, sai a ninka da 0.87. Ka ga 38 ta koma 33, da ƙyar ta tsallake birekar 32. Shi ya sa 6mm² a kan amfiya 32 ya zama abin da aka saba, amma da zarar hanya ta bi ta soso, ko bireka ta kai 40 a cikin bututu, sai a hau 10mm².

Nisa ma yana da nasa. Kebul na 6mm² yana zubar da milibolt 7.3 a kowace amfiya a kowace mita, kuma ƙa'ida ta yarda da asarar kashi 5 cikin 100, wato bolt 11.5. A amfiya 32 wannan ya kai kusan mita 49. Gidaje kaɗan ne kicin ɗinsu ke da wannan nisa daga akwati, don haka ba kasafai yake zama matsala ba.

Bireka da RCD

Bireka ta yau da kullum, wadda ake kira MCB, nau'in B mai amfiya 32, ita ce ta misalinmu. Tana faɗuwa idan lodi ya yi yawa ko wayoyi suka game. Abin da ba ta iya gani shi ne wutar da ke bi ta jikin mutum. Amfiya 32 miliamfiya 32,000 ke nan, alhali 'yan gomomin miliamfiya sun isa su rikita bugun zuciya. Wannan giɓi shi RCD mai miliamfiya 30 ke toshewa: tana auna wutar da ta fita ta waya mai wuta da wadda ta dawo ta nutural, idan suka bambanta ta san wani abu ya zurare, sai ta yanke. BS 7671 ta wajabta ta ga kebul ɗin da aka binne a bango ƙasa da zurfin milimita 50 ba tare da kariyar ƙarfe mai at ba, da kuma soket. Layin murhu kusan kullum yana faɗawa ɗaya daga cikin biyun.

Na fi son RCBO, wadda ta haɗa aikin biyun a jiki ɗaya, domin idan oban ya sami matsala layinsa kaɗai zai ɗauke, firij da fitilu su ci gaba. Ka kuma kula da nau'in RCD ɗin. Tsohon nau'in AC yana iya makancewa idan kayan lantarki na zamani suka zubo masa wuta mai tafiya gefe ɗaya, kuma indakshan yana cikin masu yin haka. Gyaran da aka yi wa ƙa'idar a 2022 ya taƙaita amfani da nau'in AC sosai. Sa nau'in A aƙalla, ko abin da littafin murhun ya ambata.

Wurin makunni da hanyar kebul

Layin yana tashi daga akwatin raba wuta kai tsaye zuwa makunnin murhu mai amfiya 45, irin mai yanke waya mai wuta da nutural a tare. Daga makunni ya sauka zuwa farantin haɗi a bango, a bayan oban ko a kabad ɗin gefe. Daga nan kowane kaya ya ɗauki nasa.

Makunni ya kasance cikin mita 2 daga murhu da oban, a inda hannu zai kai ba tare da an janye komai ba. Kada ya zauna a saman murhu. Dalilin a bayyane yake: ranar da mai ya kama da wuta a tukunya, ba ka so sai ka miƙa hannu ta cikin harshen wuta kafin ka kashe. Matsar da shi gefe, ni nakan bar milimita 300 daga bakin murhu, haka ma daga wurin wanke-wanke. Masu zanen kicin suna son ɓoye shi a can ƙuryar kabad don kyau. In dole sai an ɓoye, a sa shi daf da ƙofar kabad, kowa a gidan ya san wurin.

Kebul ɗin da ke cikin bango yana da hanyoyin da aka yarda ya bi: miƙe sama ko ƙasa daga makunni, ko miƙe a kwance daga shi, ko cikin milimita 150 daga silin ko daga kusurwar bango. Ba a karkata shi don rage tsawo. Kicin wuri ne da ake yawan huda bango don rataye kabad, kuma mai hudawa yana dogara ne da cewa waya tana inda ya kamata ta kasance. Akwatin bayan makunni ya zama mai zurfin milimita 47, don kebul mai kauri ba ya lanƙwasuwa a ƙaramin wuri, a kuma sa robar baki a ramin da yake shiga don ƙarfe kada ya yanke rigarsa.

Kashe wuta, ka tabbatar ta mutu

Kashe birekar layin, ka sa mata ɗan kwado, makullin a aljihunka, ka manna takarda cewa ana aiki. Idan akwati za a buɗe, babban makunni ake kashewa, a kuma tuna cewa wayoyin da ke shigowa daga mita suna nan da ransu. Gidan da ke da sola, ko inbata, ko janareto, yana da ƙofar wuta ta biyu, ita ma a rufe ta.

Sukudireban nan mai ƙyalla fitila ba abin dogaro ba ne. Yakan haska a inda babu wuta, ya ƙi haskawa a inda take. Nemi testa mai baki biyu. Gwada ta a wurin da ka san akwai wuta, ka ga tana aiki. Sannan auna wayoyin da za ka taɓa: mai wuta da nutural, mai wuta da at, nutural da at. Sannan koma ka sake gwada testar a wurin wuta, don tabbatar ba mutuwa ta yi a hannunka ba. Na taɓa shiga wani kicin da aka rubuta "murhu" a kan wata bireka, na kashe ta, na auna, ashe wuta tana nan cif. Wani ne ya taɓa sauya wayoyi a akwati bai gyara rubutun ba.

Ɗaurin wayoyi

Launukan da tsarin IEC ya tsayar su ne: ruwan ƙasa ga mai wuta, shuɗi ga nutural, kore da rawaya ga at. A tsofaffin gidajen da suka bi tsarin Birtaniya kafin sauyin 2004 zuwa 2006, ja ne mai wuta, baƙi nutural. A nan akwai tarko, domin a sabon tsari baƙar waya layin wuta ce. Kada ka ga baƙi ka ce nutural ne sai ka san zamanin kebul ɗin ka kuma auna.

A makunni akwai ɓangare biyu, na shigowa da na fita, kuma an rubuta a jiki. Kebul daga akwati ya shiga na shigowa. Idan aka juya su murhu zai yi aiki, amma fitilar makunnin za ta zauna a kunne, ko soket ɗin jikinsa ya riƙa mutuwa duk lokacin da aka kashe murhu. Wayar at da ke zuwa tsirara a cikin kebul a sa mata riga kore da rawaya, a kuma ja guntuwa zuwa akwatin ƙarfe na baya. Fere rigar waya daidai zurfin gurbin, jan ƙarfe kada ya leƙo waje, roba kuma kada ta shiga ƙarƙashin sukuru. Kada ka yanke ko sili ɗaya don wayar ta shiga rami.

Matse sukuru shi ne wurin da nake so ka fi ba wa hankali. Mahaɗar da ta yi sako-sako har ta sami turjiyar om 0.1 kacal, idan amfiya 30 ta bi ta cikinta, tana fitar da zafin wat 90 a wurin da bai fi kan yatsa ba. Bireka ba za ta faɗi ba, domin lodi bai wuce ƙima ba. RCD ma ba za ta faɗi ba, domin babu abin da ya zurare. Roba za ta yi ta gasuwa wata da watanni, ta yi baƙi, ta fara wari kamar na kifi, sannan wata rana ta kama. Saboda haka ka matse, ka girgiza wayar silin su zauna, ka sake matsewa, sannan ka ja ta da hannu. Idan mai ƙerawa ya ba da ƙarfin matsi, yi amfani da sukudireba mai auna matsi.

Daga farantin haɗi zuwa kaya, kebul mai laushi mai jure zafi ake sawa, irin su H05RR-F, ko H07RN-F, ko H05V2V2-F mai jure digiri 90, gwargwadon abin da littafi ya ce. Bar masa tsawon da za a iya jawo oban waje a ajiye ba tare da an ja waya ba, amma kada ya kwanta a bayan oban ko ya matse tsakaninsa da bango. Maƙalar riƙe kebul ta kama rigar waje, ba wayoyin ciki ba, kuma wayar at ta ɗan fi sauran tsawo don in an fizgi kebul ita ce ta ƙarshen ficewa.

Murhun indakshan da na gilashi sukan zo da gurabe biyar ko shida, saboda an ƙera su su yi aiki da layi ɗaya ko layi biyu ko uku. Akwai 'yan ƙarafan gada da ke zuwa tare da su, da zane a kan murfin akwatin haɗi. A layi ɗaya na bolt 230, ana gada tsakanin guraben wuta su zama ɗaya, haka ma na nutural idan biyu ne. In aka manta gada, rabin murhu zai yi aiki rabi ya mutu. In aka yi kuskure a gidan da ke da layi uku, bolt 400 ya faɗa inda 230 ya kamata, allon cikin murhun ya tafi nan take. Wasu kuma suna zuwa da kebul mai waya biyar a maƙale, kuma yadda ake haɗa wayoyin biyu-biyu ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka zanen naka murhun kawai za ka bi.

Sai oban, inda aka fi yin kuskure. Oban da bai wuce wat 3,000 ba sau da yawa yana zuwa da siririn kebul na 1.5mm², kuma littafinsa yana neman fis na amfiya 13. Idan ka cusa wannan siririn kebul a farantin haɗi tare da na murhu, ka bar shi ƙarƙashin gadin bireka mai 32, wadda ta fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Abin yi shi ne a ja kebul mai kaurin layin daga farantin haɗi mai baki biyu zuwa ƙaramin akwatin fis na amfiya 13, oban ya ɗauka daga nan. Oban da ya wuce wat 3,000, irin mai ƙofa biyu ko mai wanke kansa da zafi, fis na 13 ba zai riƙe shi ba. Shi sai layinsa na amfiya 16 ko 20, ko kuma, idan mai ƙerawa ya yarda da kariyar 32, a haɗa shi a farantin da kebul mai kaurin da ya dace. Kada a taɓa ɗora ɗayansu a kan soket mai jela.

Awo kafin a kawo wuta

Da wuta a kashe ake fara awo. Na farko, tabbatar da cewa wayar at ba ta katse ba: a haɗe mai wuta da at a akwati na ɗan lokaci, a auna turjiya a ƙarshen layi. Kebul na 6mm² mai at 2.5mm² yana ba da kusan miliom 10.5 a kowace mita, don haka mita 15 ya kamata ta nuna kimanin om 0.16. Idan ka ga om 1, akwai mahaɗar da ba ta kama ba. Wannan awon yana kuma nuna ko an juya wayoyi. A cire haɗin wucin gadin da zarar an gama. Na biyu, lafiyar rigar waya da bolt 500: mafi ƙaranci megaom 1, amma sabon kebul ya kamata ya nuna ɗaruruwa. Cire murhu da oban daga layi kafin wannan awo, in ba haka ba bolt 500 zai iya lalata allonsu. Na uku, bayan an mayar da su, a auna daga ƙarfen jikin oban zuwa at na makunni, a ga kusan sifili.

Bayan an kawo wuta sai awon turjiyar zagayen at, wato hanyar da wuta za ta bi idan waya mai wuta ta game da at. Bireka B32 tana buƙatar amfiya 160 kafin ta faɗi nan take, wanda ya sa iyakar turjiyar ta zama om 1.37. Da yake ana awo ne waya tana sanyi, akan nemi kada ya wuce om 1.1. A gidan da at ɗinsa sanda ce aka kafa a ƙasa, ba za a sami wannan ƙaramar lamba ba, kariyar gaba ɗaya tana wuyan RCD. Ita ma a gwada ta da na'ura, ta yanke cikin milisakan 300 a kan miliamfiya 30. Malti-mita ta yau da kullum ba ta yin waɗannan gwaje-gwaje. Wanda ya yi maka aiki ya ce ya gama bai fito da na'urar awo ba, bai gama ba, kuma ka nemi takardar shaida mai ɗauke da lambobin da ya samu.

Kunnawar farko

Mayar da dukkan murafe kafin ka ɗaga bireka. Tura oban a hankali kana lura da kebul, ka ɗaure shi da sukurorinsa a jikin kabad don kada ya rinjayo idan an buɗe ƙofa. Tabbatar an bar wa murhun indakshan hanyar iska a ƙasa kamar yadda littafinsa ya nuna, domin fankarsa tana buƙatarta. Kunna gidajen murhu ɗaya bayan ɗaya. Indakshan ba zai yi komai ba sai an ɗora tukunyar da maganaɗisu ke kamawa, kada ka ɗauka ya lalace. Yawancin oban kuma ba sa zafi sai an saita agogonsu.

Sabon oban yakan yi ɗan hayaƙi da wari a ƙonawar farko, man masana'anta ne ke ƙonewa, buɗe taga. Idan RCD ta faɗi bayan 'yan mintuna, sau da yawa danshi ne ya shiga garin da ke cikin ƙarfen zafi saboda daɗewa a ajiye. A auna rigar ƙarfen a gano wanne ne, a nemi mai ƙerawa. Cire wayar at ko tsallake RCD don oban ya ci gaba da aiki mayar da jikinsa tarko ne.

Bar komai a kunne kamar rabin sa'a, sannan ka ɗora bayan hannu a kan makunni. Ɗan ɗumi ba laifi. Zafin da zai sa ka janye hannu, ko ƙarar tsartsatsi, ko wari, yana nufin a kashe a sake buɗe mahaɗa. Rubuta sunan layin a kan birekarsa da rubutu mai kyau, ka danna maɓallin gwaji na RCD duk wata shida, kuma bayan wasu makonni na girki, a kashe wuta a sake bin sukurorin makunni da na farantin haɗi, domin jan ƙarfe mai sili yakan ɗan saki bayan ya sha zafi da sanyi.